Na'urar naɗe tantin gaba ta yi tauri: me za a gyara kafin doguwar tafiya a teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa mita 11, yana Las Palmas a tsibiran Kanari. Ni da maiɗakina muke so mu gangara da shi Mindelo a Cape Verde cikin Disamba, in Allah ya yarda, daga nan mu duba yiwuwar tsallake Atlantika. Na'urar da ke naɗe tantin gaba, wato ƙyallen da ke kama iska a goshin jirgi, tana ba ni wahala. Tana da tauri, wani lokaci ta cije sai na sa winci (abin jan igiya da ake murzawa da hannu), igiyarta tana harɗewa a cikin ganga, kuma in na rage tantin sai ya yi tumbi, jirgi ya riƙa kwanciya. Za ta gyaru, ko in sayi sabuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa jirgi ya yi albarka, ya kai ku lafiya.

Kada ka yi gaggawar sayen sabuwa. Abubuwa huɗun da ka lissafa, a yawancin jiragen da ke biyowa ta hannuna ba lalacewar na'ura ke kawo su ba, rashin saiti ne, kuma kowanne da inda yake fitowa. Amma tun kafin mu shiga gyara akwai abin da nake roƙonka ka bari daga yau, wato ɗora igiyar naɗi a kan winci. Wincin da aka rubuta 40 a kansa yana ninka ƙarfin hannunka wajen sau 40 in yana giyar ƙarfi. Duk abin da ya cije a can sama ba za ka ji shi a hannu ba, za ka ci gaba da murzawa, ƙarfin kuwa yana sauka ne a kan wayar gaba, ita ce kuma take riƙe da jigon jirgi, doguwar sandar da ake ɗaga tanti a kanta, kada ya faɗo baya. A jirgi mai girman naka, in na'ura lafiyarta ƙalau, ya kamata maiɗakinka ta iya naɗe tanti da hannu, cikin dare, kai kana barci. Da wannan za mu auna duk gyaran da za a yi. Masu tsere suna da ƙarti biyar ko shida a bisa jirgi. Ku kuwa ku biyu ne, kuma rabin tafiyar mutum ɗaya ne a farke.

Fara riƙe fasalin abin a kai. Wayar gaba tana miƙe daga goshin jirgi zuwa kan jigo, ba ta juyawa. An zura ta cikin bututun alminiyom mai gaɓa-gaɓa, a jikinsa akwai tsagar da bakin tanti ke shiga. A ƙasa akwai ganga, igiyar naɗi ce ke juya ta. A sama akwai majuyi mai hawa da sauka a jikin bututu, shi kuma gida biyu ne: na ƙasa yana riƙe da kan tanti yana juyawa tare da shi, na sama yana riƙe da igiyar ɗagawa kuma dole ya tsaya cik.

To a nan gizo ke saƙa. Babu wani noti ko ƙugiya da ke hana gidan sama juyawa, igiyar ɗagawa ce kaɗai ke riƙe shi. In igiyar ta bi jikin waya ɗoɗar, ko kuma akwai doguwar tazara tsakanin majuyi da fulin da ke kan jigo, ba ta da ƙarfin hana shi. Da boris, ƙwallayen da majuyi ke juyawa a kansu, ya ɗan yi nauyi sai gidan sama ya bi na ƙasa, igiya ta nannaɗe kan bututu, komai ya tsaya. Cijewar da kake ji ke nan, kusan na tabbata. Alamarta ita ce na'ura ta yi zagaye ɗaya ko biyu lafiya, sannan ta yi nauyi mai tsalle, in ka saki igiya ta ɗan koma baya da kanta. Wanda ya ɗora wa wannan winci, wayar yake murɗawa. Wayar gaba silli 19 ce aka tufka, ɗaya a tsakiya, shida kewaye da shi, goma sha biyu a waje. In aka murɗa ta saɓanin tufkarta sai sillayen waje su buɗe. Na sha hawa jigo in tarar da haka dab da inda waya ta shiga kan ƙarfenta na sama: sillaye sun kumbura sun rabu har kana hango na ciki, ɗaya ko biyu sun karye sun miƙe tsaye, in ka shafa da yatsa su yanke ka. Daga ƙasa ba a ganin komai. Waya mai kaurin milimita 8 tana ɗaukar kusan tan 5 kafin ta tsinke, amma wadda ta buɗe haka ba mai iya ce maka nawa ya rage mata, kuma ba a mayar da ita, sai dai a canza.

Tunda ka riga ka sha sa winci, aikin farko shi ne wani ya hau kan jigo a kujerar hawa ya duba wurin nan da idonsa, ya ɗauko maka hoto. In an ga ko silli ɗaya ya tashi, ba sauran shawara, sabuwar waya. In ma lafiya take, bincika shekarunta. Kamfanonin inshora da yawa suna neman a sabunta wayoyin jigo in sun kai shekara 10, ita kuwa ta gaba ta fi sauran haɗari domin a ɓoye take cikin bututu, ba mai ganin tsatsarta. Wanda ya hau ya duba kuma ko akwai gaɓar ƙarfe mai lanƙwasa gaba da gefe a sama, kai ma ka duba ta ƙasa. In tanti ya cika da iska waya tana bankarewa gefe, in ba gaɓar da za ta ba ta hanya sai ta riƙa lanƙwasa a bakin ƙarfenta har ta gaji ta karye a wurin.

Maganin nannaɗewar abu biyu ne, kuma duka biyun nake so ka yi. Na ɗaya, majuyi ya hau har kusa da ƙarshen bututu, ya rage bai fi santimita 10 zuwa 15 ba, amma kada ya daki murfin saman. In tantinka bai kai wannan tsawo ba, a yi masa ƙari. Ga yadda ake auna shi: ranar da ba iska, kwance gindin tanti daga ganga, ka ɗaga shi har majuyi ya kai inda ake so, ka ɗaure gindin da siririyar igiya zuwa ganga, ka ja igiyar ɗagawa daidai yadda kake tafiya da ita, sannan ka auna tazarar da ta rage a ƙasa. Wannan tsawon za a yanka maka da igiyar Dyneema marar talewa ko waya, a sa shi tsakanin kan tanti da majuyi. Kana iya barin kaɗan daga ciki a ƙasa don tanti ya ɗago daga bisa jirgi ka riƙa hangen gaba ta ƙarƙashinsa, amma in ya yi yawa tanti ya hau sama, kwanciyar jirgi ta ƙaru. Kowane tanti da kake da shi a yi masa nasa ƙarin, a bar shi a jikinsa.

Na biyu, kusurwa. Igiyar ɗagawa ta rabu da waya ta nufi jigo da digiri 5 zuwa 10. Tsaya a gefen jirgi can nesa da madubin hangen nesa ka duba. In ka ga igiya da waya sun tafi tare ba haske a tsakaninsu, ana bukatar a ɗaura ɗan zobe ko ƙaramin fuli a gaban jigo, ƙasa da inda igiyar ke fitowa, ta bi ta cikinsa kafin ta isa majuyi. Abu ne mai araha, aikin awa guda. Kada dai a saukar da shi ƙasa da yawa, domin kusurwa in ta wuce kima tana janyo majuyi baya ya riƙa gogar bututu, ita ma igiyar ta cinye a bakin zoben. Na'urorin kamfanin Profurl suna zuwa da wani ƙarfe da ake ɗaure wa waya a sama don wannan aiki. In irinta ce taka, a tabbatar majuyi yana kaiwa gare shi, in bai kai ba ba abin da yake tsarewa. Sai sauran igiyoyin ɗagawa da ba a aiki da su, musamman wadda ke fitowa sama da wayar gaba. Kada ka bar ta a ɗaure a goshi tana lilo kusa da bututu, tanti zai haɗiye ta yana naɗuwa. Kai ta gindin jigo ko gefe, ka ja ta ta yi tsam.

Yanzu tauri. Abu biyu ke jawo shi kafin a zo maganar boris: waya ta yi sako-sako, ko igiyar ɗagawa ta yi tsauri. Bututu miƙaƙƙe yana juyawa cikin sauƙi. In waya ta saki, bututu ya yi baka, kowane zagaye sai ya lanƙwasa ya miƙe, za ka ji nauyin yana zuwa yana wucewa, gaɓoɓinsa kuma suna ci. Ba a iya auna wayar gaba tunda tana cikin bututu, don haka a jirgin da wayarsa ta gaba ta kai har ƙololuwar jigo, ta baya ake ɗaurewa, ita ke jan ta gaba. Kamfanin Seldén na Suwidin yana da hanyar awo mai sauƙi da nake amfani da ita. Sassauta wayar, ka manna ma'auni mai tsawon mita 2 a jikinta, kansa na sama a ɗaure da salatif, na ƙasa a sake kusa da bakin ƙarfen waya. Kana ɗaure noti tazara tana buɗewa a ƙasa. Kowace milimita 1 da ta ƙaru daidai take da kashi 5 cikin 100 na ƙarfin da zai tsinka wayar, komai kaurinta, muddin mai silli 19 ce. Milimita 3, wato kashi 15, ya isa a fara da shi. In jirgi tsoho ne ƙwarai, ka ga kana ɗaurewa waya ba ta ƙara tsauri, ko ƙofofin ciki sun fara ƙin rufuwa, dakata, jikin jirgin ne ke lanƙwasa.

Sai ka gama da waya sannan ka taɓa igiyar ɗagawa. In ka juya tsarin, nauyin da ya kamata waya ta ɗauka zai koma kan bakin tanti da boris. Mutane da yawa suna jan igiyar nan iya ƙarfinsu su kulle, su manta da ita shekara guda. Abin da ake so kaɗan ne: ka ja har ƙananan tamojin da ke kwance a bakin tanti su ɓace, ka tsaya. In ka ga doguwar tattara ta miƙe daga sama zuwa ƙasa a bayan bututu, ka wuce, sassauta. Gwada ka gani da kanka a tasha: naɗe tanti da igiyar a tsaurare, sannan ka sake ta da faɗin yatsu uku ka sake naɗewa. Sau da yawa rabin taurin a nan yake tafiya. Sai dai in ta saki da yawa, mun koma gidan jiya, majuyi zai samu damar juyawa. Yi wa igiyar alama da zare a bakin makullinta in ka samu daidai. Kuma kada ka ƙara mata ja alhali tanti yana rabin naɗe, ba abin da zai motsa sai ɗinkin kan tanti.

Mu sauko kan ganga. Harɗewar igiya a cikinta irin ta zaren keken ɗinki ce in bobin ya naɗu sako-sako: zagaye na sama ya nutse cikin na ƙasa, da aka ja sai ya shaƙe. Lokacin buɗe tanti ake haifar da ita, lokacin naɗewa take bayyana. In ka saki igiyar naɗi gaba ɗaya iska ta fizge tanti, ganga za ta haɗiyi igiya a hargitse. Riƙe ta da ɗan ja, ko ka yi mata zagaye ɗaya a winci don birki kawai, ka riƙa ba ta a hankali. Fuli mai ƙaras-ƙaras, wanda ke juyawa gefe ɗaya, in aka sa shi a ƙarshe kusa da wurin tuƙi, yana yin wannan aiki ko hannu ya manta.

Fulin farko kuma, na kusa da ganga, shi ke raba igiya. Dole ta shiga ganga a miƙe, digiri 90 da waya, tana nufin tsakiyar ganga. In fulin ya yi ƙasa igiya za ta taru a gindi, in ya yi sama ta taru a wuya ta goga murfi. Buɗe tanti a hankali kana tsugune a goshi, ka ga inda take taruwa, ka matsar da fulin, ka sake. Daga nan bi igiyar har baya. Duk inda ta bi ta cikin zobe maras juyawa ko ta goga sandar shinge, ƙarfin hannu ne ke zubewa. A sa ƙananan fulai, a rage kwana.

Kaurin igiya a jirgi irin naka yawanci milimita 8 ne. Mai kauri ta fi daɗin riƙo amma tana cika ganga kafin tanti ya gama buɗewa. Dabarar ita ce a zare cikinta daga sashen gaba, wajen sulusi, ta kwanta fale-fale a ganga, sashen da hannu da makulli ke riƙewa ya zauna da kaurinsa. Ka lura dai kada sashen da aka zare wa ciki ya zama shi ke ɗauke da nauyi sa'ad da tanti yake a rage. Sayi sabuwa marar talewa. In tanti yana a rage, wannan siririyar igiya ce kaɗai ta hana shi buɗewa, in ta tsinke cikin iska mai ƙarfi, tanti duka zai fito a lokacin da ba ka son ko rabinsa. Saboda haka ma nake son ta ƙare a kan ƙahon ɗaure igiya na gaske, kada a dogara da makulli shi kaɗai.

Yawan zagaye ma abin dubawa ne. Iska mai ƙarfi tana sa tanti ya naɗu tsam, naɗi tsam kuma ya fi cin zagaye. Wanda ya saita gangarsa ranar da ba iska, ranar hadari igiya za ta ƙare masa saura mita guda na tanti a waje yana kaɗawa. A tasha, sa maiɗakinka ta riƙe linzamin tanti, igiyar da ake jan kusurwarsa ta baya da ita, da ƙarfi kai kana naɗewa, har linzami ya zagaye tantin sau biyu ko uku. A haka ya kamata a ce saura zagaye uku zuwa biyar a ganga. In babu, kwance linzamai, ka juya naɗaɗɗen tantin da hannu ka ƙara. Duba kuma ƙyallen kare rana da aka ɗinka a gefen tanti, shi ya kamata ya kasance a waje in an naɗe. In ciki yake shiga, an naɗa igiyar ganga a juye.

Ba ka faɗi kamfanin na'urarka ba, kuma wajen kula da boris sun bambanta. Na Harken ƙwallayen roba ne mai tauri da ake kira Torlon, ruwan daɗi da ɗan sabulu suke so, giris yana ɓata su. Na Furlex ƙarfe ne, ana wanke su a sa musu giris kaɗan a ramukan da littafinta ya nuna. Na Profurl a rufe suke cikin giris ɗinsu, ba a buɗewa, in sun fara gurnani sai canji. Nemi littafin taka, ana samunsu a intanet. Sauke tanti, ka juya ganga da majuyi da hannu, kowanne daban. In ka ji ƙasa-ƙasa, zuba ruwa kana juyawa har ya fito fari. A Kanari ruwan farko da ke fitowa ja ne, kuma ka san wannan jar ƙasar. Hazon hunturun da muka taso a cikinsa ne, wanda iska ke kwasowa daga Sahara, har da kwarin Bodele na arewacin Cadi, ta watsa shi cikin teku. Mutanen Kanari suna ce masa kalima. A Cape Verde daga Disamba zuwa Fabrairu yakan rufe tsibiran har a kasa hango tudu, wato daidai lokacin da za ku isa. Ƙurar nan in ta haɗu da gishiri da giris mai yawa sai ta zama abin wasa ƙarfe. Saboda haka kada ka cika giris, kuma kowane mako ka ware wa ganga ruwan daɗi ko kofi biyu ne.

Tunda tanti yana ƙasa, duba jikinsa ta bakin bututu. In ka ga baƙaƙen tabo a jere, tazararsu ɗaya, gaɓoɓin bututu ne suka yi sako-sako suna niƙa alminiyom. A ɗaure sukurorinsu da Loctite, gam ɗin da ke hana sukuru kwancewa, sukurun da ya ɓace kuma a mayar. Sukuru ɗaya da ya leƙo waje ya isa ya hana majuyi saukowa, ka rasa yadda za ka sauke tanti a tsakiyar teku. Wanke tsagar ma, ka tabbatar tanti yana hawa yana sauka ba gardama.

Tumbin tanti da kwanciyar jirgi kuwa, wani sashe saiti ne, wani sashe tantin ne kansa. An ɗinka tanti da ciki a tsakiya. In ana naɗe shi, sama da ƙasa suna kamawa tsam, tsakiya ba abin da ke cinye yadinta, sai cikin ya taru ya koma baya. Tanti mai tumbi kwantar da jirgi yake, ba ya tura shi gaba. Maɗinkin tanti zai iya ɗinka maka soso ko jerin igiyoyi a bakin tanti, masu kauri a tsakiya, su cinye wannan yadin. Yana taimakawa ƙwarai, amma yana da iyaka: in an naɗe fiye da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, fasali ya tafi, musamman in ana tunkarar iska.

Abin da ke hannunka kai tsaye shi ne fulin linzami da ke kan dogo a gefen jirgi. Duk lokacin da ka rage tanti, kunnensa, kusurwar da aka ɗaura wa linzami, yana matsawa gaba, dole fulin ma ya bi shi. In ka bar shi a baya, linzami zai ja ƙasan tanti kawai, sama ta buɗe tana karkarwa, ita ce ke kashe ɗinkin gefe cikin dare ɗaya. Ka dubi linzami daga fuli zuwa kunnen tanti, ka miƙa layin a ido: ya kamata ya faɗa wajen tsakiyar bakin tanti. In kana tafiya, karkato jirgi cikin iska sannu a hankali. In sama ta fara kaɗawa kafin ƙasa, matsar da fuli gaba; in ƙasa ta riga, mayar da shi baya. Manna alamomi uku a gindin tanti, ka nemo wa kowacce raminta a kan dogo, ka rubuta 1, 2, 3 a gefuna biyu da fenti. Da tsakar dare ba wanda zai tsaya lissafi, lamba za a bi. Fulin da ke ɗauke da nauyi ba a taɓa shi da hannu. Matsar da na ɗaya gefen ka juya jirgi, ko ka ɗauke nauyin da wata igiya tukuna.

Zan faɗa maka ra'ayina a kan tantin kansa. Tsofaffin jirage irin naka yawanci da babban jenowa suke zuwa, wato tantin gaba mai faɗin da ya kai kashi 135 ko 150 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin goshi da jigo, wanda aka yi don iskar bazara mai laushi. Iskar da za ku bi daga arewa maso gabas take, galibi not 15 zuwa 25 (mil na teku a awa), kuma nauyin iska a kan tanti yana ninkuwa huɗu in gudunta ya ninka biyu. Da babban jenowa za ku yi tafiyar duka a rage, da mummunan fasali. In akwai kuɗin da za ka kashe, ni da tanti mai kashi 100 zuwa 110 zan sa shi, mai yadi mai nauyi, kunnensa a ɗage don ka ga gaba kuma igiyar ruwa ta wuce ta ƙarƙashi. Wannan ya fi maka sabuwar na'ura amfani. Kuma ƙyallen jenowa da aka bari a waje ba ya zama tantin hadari: ya yi sama, ya yi gaba, yadinsa bai kai ba. A nemi ƙaramin tantin hadari na gaske, ko a kan waya ta biyu da ake ɗaurawa a bayan ta gaba, ko irin wanda ake zagaya shi a kan naɗaɗɗen tanti.

Yadda ake naɗewa ma rabin aiki ne. In iska ta tashi, kada a yi kokawa da tanti cike. Karkata jirgi ya ba iska baya har babban tanti, na bayan jigo, ya tare wa na gaba, za ka ga ya yi laushi, a sassauta linzami a bar masa ɗan ja, a naɗe da hannu. Ku yi ta maimaita wannan ku biyu har ya zama jiki. Hanyar Mindelo, mil 850 na teku ko kusa da haka, yawanci iska a baya take, za ka so ka tokare tantin gaba da sanda. Ɗaure sandar da igiyoyinta uku, ta sama da ta gaba da ta baya, ta tsaya da kanta, linzami ya riƙa gudu ta bakinta. Da haka in hadari ya taso cikin dare ana naɗe tanti daga wurin tuƙi a bar sanda a inda take, ba wanda ya je goshi. Kowace safiya a duba inda linzami ke gogar bakin sanda.

In duk da haka ta cije a teku, a tsaya, a haska tocila sama, a haska ganga. Sau da yawa sake tanti ya buɗe zagaye ɗaya yana warware ta sama. In ganga ce ta shaƙe, a kwance igiyar a warware ta da hannu, mutum yana ɗaure da jirgi. In tanti zai iya buɗewa duka, a buɗe a sauke shi ƙasa. In ya tsaya rabi ba gaba ba baya, a cire linzamai a riƙa zagaya shi da hannu a bayan babban tanti, ko a tada inji a yi ta kewaya har ya naɗu, a ɗaure. In kuwa kana zargin waya ta taɓu, ba iska baya nan take, ka kai igiyar ɗagawa ta ajiya goshi ka ɗaure a wuri mai ƙarfi ka ja ta da winci, ta riƙe jigo.

Sabuwar na'ura sai in bututu ya lanƙwashe, ko gangar ta tsage, ko boris ya mutu kuma an daina yin kayan gyaransa. In an kai ga haka, a canza har da waya, a kiyaye tsawonta daga fil zuwa fil don kada tsayuwar jigo ta sauya, a kuma ɗaga ganga yadda anka zai wuce bai dake ta ba.

Duk abin da za ka saya, saye shi a Las Palmas, ya fi samuwa a can. Ka kuma kama mai gyaran wayoyi da wuri, domin ayarin jiragen iska na ARC da ke tsallakawa zuwa Karibiyan tun 1986 daga nan yake tashi a ƙarshen Nuwamba, a makonnin nan kowane mai gyara hannunsa cike yake. In an gama, ku fita gwaji kudu da gari, wajen Gando kusa da filin jirgin sama, inda tsibirin ke matse iska ta ƙaru farat ɗaya. Ku rage tanti tun kafin ku shiga, ku bi lamba 1 da 2 da 3, maiɗakinka ta naɗe shi duka da hannunta kai kana riƙe da tuƙi. In ya yi mata nauyi, ku koma tasha a sake hawa jigo.